Injiniyan Cikin Silin

A Hiyuston ba a haƙa wa gida ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ruwa yana kusa, ƙasar kuma laka ce mai kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, don haka daɓen kankare ake zubawa a kafa gida a kai. Da injin sanyaya gida da na ɗumama shi suka rasa masauki a ƙasa, sai aka kai su sama, can tsakanin silin da rufi. Rabin injin yana waje a gefen gida yana ta gurnani, ɗaya rabin yana cikin silin. Daga gare shi bututai suke rarrabuwa, kowanne ya nufi ɗakinsa ya ƙare a wata 'yar taga mai raga. Akwai kuma wani ƙaton bututu da ke zuƙo iskar gidan ya mayar wa injin. Da bazara sanyi ke bi ta cikinsu, da hunturu ɗumi. Wanda ya saba da esin gida Najeriya, akwatin nan da ke manne a bango wanda in ya yi gardama sai a ɗan bubbuga shi, yana iya shekara goma a gidan Teksas bai taɓa ganin abin da ke sanyaya shi ba. Masu hankali ke nan.

A watan Agustan 2023 ma'aunin zafi ya kai digiri 43 a Hiyuston, daidai da mafi tsananin da aka taɓa rubutawa a tarihin garin. A cikin wannan bazarar Allah ya sauki uwargida lafiya, mahaifiyarta ta taso takanas daga Sakkwato don jego. Muka sauke ta a ɗakin ƙurya, wanda ya fi kowanne nisa da hayaniyar yara, kuma, kamar yadda na sani daga baya, ya fi kowanne nisa da injin. Tsakanina da Hajiya gaisuwa ce daga bakin ƙofa, a durƙushe, ido a ƙasa. Ba ta taɓa kama sunana ba, ni kuma ban taɓa cin ko dabino a gabanta ba. Kullum da safe in na durƙusa sai in ji wani hucin zafi yana fitowa daga ɗakin, in hango gefen maficinta yana kai yana komowa. Ba ta taɓa cewa uffan ba. Shirun nan ne ya hana ni barci.

"Malam," in ji uwargida, "ɗakin Inna fa ba ya sanyi. Ga takardar kuɗin wuta ma ta zo, ka zauna kafin ka buɗe."

Na zauna na buɗe, na kuma tashi tsaye. Na buga wa masu gyara waya, suka faɗa mini kuɗin zuwa kawai a duba, ban da gyara. Nan take ciwon nan na kowane ɗan Najeriya da ke ƙetare ya motsa: na juya kuɗin zuwa naira. Da na ga abin da ya fito na ce wa yarinyar da ke kan wayar zan sake kira, ita ma ta san ba zan kira ba.

Daren nan na kwana ina karatu a intanet. Shirin Energy Star na gwamnatin Amurka ya ce a gidan da aka saba gani, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar da ke bin bututun nan zurarewa take yi ta huda da tsaga da mahaɗar da ba ta kama ba. Ashe da gumina nake saya wa gizo-gizon silin sanyi. Abin bai tsaya nan ba. Idan bututun da ke kai sanyi ɗakuna yana yoyo a sama, injin yana zuƙar iska daga gidan fiye da wadda yake mayarwa, sai gidan ya cike giɓin da iskar waje mai zafi da laima ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga. Idan kuma babban bututun zuƙowa ne ya huje, ƙurar silin da zafinsa yake kwasowa ya raba wa iyali. Kafin asuba na gama zama gwani. Na kalli bidiyo har na fara gyara wa masu bidiyon kuskure.

Da gari ya waye na tafi babban kantin kayan gini na ɗebo salatef ɗin nan mai ruwan azurfa, mai yadi a ciki, wanda Ba'amurke ke ɗaure komai da shi, daga madubin mota har tsagaggen takalmi. Sunan bututu ma yake amsawa, to me ya rage? Wani tsoho da ke tsaye kusa da ni ya leƙa kekena ya tambaye ni ko aikin bututun iska zan yi. Na ce e. Ya buɗe baki zai yi magana, na yi masa murmushin nan na "na sani, Baba", na tura kekena gaba.

Uwargida ta ce in bari sai da sanyin safiya. Na yi dariya. Ni da na tashi a Sakkwato, na yi ƙwallo ba takalmi a rairayin watan Afrilu, ni za a tsorata da zafin Turawa? Ana idar da Azahar na jawo tsanin da ke naɗe a silin ɗin baranda, na hau daga ni sai singileti da gajeren wando, tocila a baki, salatef a damtse kamar awarwaro.

Zafin Sakkwato yana da mutunci. Busasshe ne, in ka yi gumi iska ta shanye, ka samu inuwar dogon yaro ka huta. Cikin silin a Hiyuston da tsakar rana yana iya haura digiri 55, iskar kuma jiƙaƙƙiya ce, gumi ba ya da inda za shi sai cikin ido. Ban gama shigar da kafaɗuna ba na ji kamar an rufa mini bargon da aka tsamo daga tafasasshen ruwa. Na miƙe tsaye don in nuna wa wurin ko ni wane ne, sai ƙusar rufi ta gaishe ni a tsakar ka. Ashe ƙusoshin da aka kafa rufin da su duk sun leƙo ta ciki, jere reras, tsininsu a ƙasa. Daga nan na koma rarrafe, kuma da rarrafe na ƙare aikin.

Ƙasan wurin shimfiɗe yake da wata auduga mai ruwan hoda, gwanin laushi a ido. Audugar gilashi ce, ita ke tare zafin sama kada ya sauko ɗakuna. A kanta bututan suke kwance, manya-manya masu walƙiya. Da na taɓa ɗaya na ga ashe riga uku gare shi: a ciki leda ce da aka naɗa a kan murɗaɗɗiyar waya, ita ce hanyar iskar, sai audugar gilashi ta lulluɓe ta, sai rigar waje mai ƙyalli. Duk sun fito ne daga wani akwatin langalanga da ke jikin injin, kowanne an cusa shi a wuyan ƙarfe. A wasu mahaɗan audugar ta yi baƙi ƙirin, alamar ta shekara da shekaru tana tace ƙurar da ke bi ta tsaga. Na sa hannu na ji sanyi yana huro mini tafi, mai daɗi, wanda na biya kuɗinsa. Sai da na ɗan kara fuskata a wurin kafin in tuna aikin da ya kawo ni.

Masu bidiyo sun ce a kunna turaren tsinke a bi mahaɗan da shi, inda hayaƙin ya karkata nan yoyon yake. Ba mu da na tsinke a gidan. Amma muna da mai jego, kuma duk gidan da ke da mai jego yana da turaren wuta. Na lallaɓa na sauko, na ɗauki kaskon uwargida da garwashinsa, na buɗe kwalbar da wata ƙawarta ta aiko mata daga Maiduguri, wadda ake ɗiba da kan yatsu, na dumbuza da hannu. Garwashi, a cikin busasshen katako, kusa da injin ɗumama mai aiki da gas. Ko yanzu in na tuna sai na yi istigfari, kuma kada wani ya gwada.

Dabarar ta yi aiki fiye da yadda aka yi alkawari. Ina kai kaskon kusa da babban bututun zuƙowa, sai na ga hayaƙin ya miƙe ɗoɗar ya shige wata tsaga mai faɗin yatsa. Na yi kabbara. Injin kuwa ya karɓi saƙon ya raba shi daidai-wa-daida ga kowane ɗaki. Ƙararrawar hayaƙi a gidajen nan a haɗe suke, in ɗaya ta yi kuka duk sai su amsa. Suka amsa. Jaririya ta amsa. Daga ƙasa na ji muryar uwargida ta ratso silin:

"Malam! Turarena ne nake ji yana fitowa ta sama?"

Na ce gwaji nake yi. Ta ce in gwada saukowa.

Ban sauko ba sai da na naɗe duk mahaɗar da na gani da salatef, naɗi bisa naɗi, har na ƙarar da abin da na saya. Na fito jiƙe sharkaf, kai na jini, amma ƙirji a buɗe. Ƙaiƙayin bai fara ba sai da na watsa ruwan zafi, wanda shi ne daidai abin da aka ce kada a yi, domin da ruwan sanyi ake fara ɗauraye ƙananan zaren gilashin. Na kwana ina susa a jikin ƙofa, uwargida na shafa mini man kaɗanya tana kirana Injiniya. Sunan ya bi ni har masallaci.

Gidan ya ɗan yi sanyi, ba zan ɓoye ba. Ɗakin Hajiya kuwa yana nan yadda yake, mafici na kai yana komowa. Ba a daɗe ba sauran ɗakunan ma suka koma gidan jiya. Na sake hawa, wannan karon bayan Asuba, da riga mai dogon hannu da takunkumi. Salatef ɗina duk ya saki. Wani yana reto, wani ya zame ya tattare, gam ɗin ya bushe ya zama gari mai ɗan maiƙo. Iska na wucewa ta ƙarƙashinsa tana kaɗa shi.

Sai a lokacin na karanta abin da tsohon kanti ya so gaya mini. Salatef ɗin nan ba don bututun iska aka ƙirƙire shi ba. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wata mata mai suna Vesta Stoudt da ke aiki a masana'antar harsashi a jihar Ilinoi ta rubuta wa Shugaba Roosevelt wasiƙa, tana ba da shawarar a riƙa rufe akwatunan harsashi da salatef na yadi wanda ruwa ba ya ratsawa, wanda soja zai iya yagewa da hannu cikin gaggawa. Aka yi shi kore, irin kayan soja. Bayan yaƙi magina suka ɗauke shi, aka mai da shi ruwan azurfa ya dace da kalar bututu. A 1998 wasu masu bincike biyu a ɗakin gwaje-gwajen Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya, Max Sherman da Iain Walker, suka jera kayan toshe bututu iri-iri, suka yi ta hura musu iska mai zafi da mai sanyi. Salatef na yadi mai gam ɗin roba shi ne ya riƙa faɗuwa warwas, wani cikin 'yan kwanaki. Zafi ke busar da gam ɗin. Kalifoniya ma daga baya ta hana a toshe bututun sabon gini da shi shi kaɗai. Shekara ashirin da biyar duniya ta san wannan, ni ina Hiyuston ina yi wa tsoho murmushi.

Abin da ake toshewa da shi na gaskiya sunansa mastik. A bokiti yake zuwa, wani abu mai kauri fari ko toka-toka, ana shafa shi da buroshi ko da hannu cikin safa, a yi masa kaurin kwabo, in ya bushe ya zama kamar roba ba ya tsagewa. Inda tsagar ta yi faɗi sai an fara shimfiɗa raga a kai kafin a shafa. In ma salatef za a sa, akwai na alminiyam mai ɗauke da tambarin UL 181 a jikinsa. Shi kuma bututu mai riga uku, ledar ciki ake jawowa a kan wuyan ƙarfen, a shafa mastik, a ɗaure tamau da ɗamarar roba mai haƙora, sannan a mayar da audugar da rigar waje a kai. Ni rigar waje kawai na yi ta naɗewa, ledar ciki tana can a sake tana dariya.

Na sayo bokiti guda, na sake hawa, na buɗe shi, na sa hannu na ɗebo, na dangwara a tsaga, na shafe da tafi. Sai na ji hannuna ya san aikin. Yaɓe ne. Yaɓen katangar gidanmu da ake tara mu kowace shekara kafin damina, wanda na yi ta gudu ina fakewa da karatun jarrabawa. Na yi boko, na ƙetare teku, na ci bashin banki na sayi gida, don in zo in durƙusa a cikin silin ina yaɓe da asuba. Amma fa na iya. Na bi akwatin langalangar kusurwa-kusurwa, na bi kowane wuya, na ɗaga wani bututu da ya lanƙwashe na rataye shi da maɗauri don iska ta miƙe. Saura guda ɗaya, dogon nan da ya nufi ɗakin ƙurya.

Akwai doka ɗaya a cikin silin wadda kowane mai bidiyo yake faɗa tun a minti na farko: a kan katako kaɗai ake taka ƙafa. Katakan suna jere, tsakaninsu bai wuce taku ɗaya ba, amma audugar ta rufe su. Abin da ke tsakaninsu allo ne na farar hoda da aka danne a tsakanin takardu biyu, kaurinsa kusan rabin inci, an yi shi ne don ya ɗauki fenti, ba magidanci ba. Na rarrafa har ƙarshen bututun, bokiti a hannu. Rufin ya yi ƙasa sosai a wurin. Na miƙa hannu ban kai ba, na ɗan gyara tsugunno, na kai ƙafar dama baya ina laluben katako.

Ƙarar ba ta da yawa. Wani ɗan "ɓurum" ne, sai na ji iska mai daɗi tana shafar ƙaurina. Ƙafata ta shige har cinya, sauran jikina ya rage a sama, rungume da katako, bokitin ya kife a kan ƙirjina. Ta gefen cinyata haske yana shigowa. Na leƙa. Ga darduma, ga carbi, ga mafici a ajiye, ga farar hoda ta baɗe kafet. Ga Hajiya zaune tana lazimi, ƙafar surukinta na reto a kanta, silifas ɗin ya riga ya sauka a gabanta.

An yi shiru mai tsawo. Na rasa abin da shari'a da al'ada suka tanada a irin wannan hali. In janye ƙafar, sauran allon zai biyo ta. In yi sallama, daga ina? Hajiya ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta juya wa ƙafar baya, ta ce a hankali:

"Sannu da aiki."

Na ce, "Yauwa, Hajiya. An tashi lafiya?"

"Lahiya lau." Sannan ta ɗaga murya kaɗan ta kira 'yarta. "Ki ce mishi shi sauko hakanan, ya yi ƙoƙari."

Mai gyaran da na ƙi kira tun farko shi ya zo daga ƙarshe, wani dattijo ɗan asalin Meksiko mai ƙarancin magana. Ya hau ya duba yaɓena ya ce bai taɓa ganin aiki mai muni haka ba, amma ya kama. Ya duba bututun hayaƙin injin ɗumama, ya ce duk wanda ya taɓa hanyar iska a gidan da ke da gas, to ya tabbata yana da ƙararrawar da ke jin gubar hayaƙin da ba ta da wari. Sannan ya fito da kayan gwajinsa: za a liƙe tagogin iska duka da leda, a ɗaura fanka a bakin babban bututun, a hura har matsin ya kai faskal 25, abin da fankar ke ci gaba da turawa shi ne abin da ke zurarewa. Ya bi ɗaki-ɗaki da tsaninsa yana liƙewa. Da ya shiga ɗakin ƙurya ya kalli ramin ƙafata bai ce komai ba, Allah ya saka masa da alheri. Ya hau tsani, ya tsaya, ya kira ni.

Tagar iskar a rufe take ruf. Akwai wani ɗan hannu a gefenta da ake turawa, an tura shi har ƙarshe. Ya sa yatsa ya mayar, sanyi ya zubo mana a ka. Ya ƙara da cewa rufe taga irin wannan ba ya rage kuɗin wuta, matsi yake ƙara wa bututu, iskar ta nemi tsaga ta fita.

Babban ɗana yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ce ai shi ya rufe, tun daren da Hajiya ta iso. Ta ce sanyin yana shigar mata gwiwa, ta sa shi ya hau kujera.

"Don me ba ka faɗa ba?"

"Abba, ba wanda ya tambaye ni."

Kullum ina bakin ƙofar nan a durƙushe. Da na taɓa ɗaga ido sau ɗaya da na gani, amma wane mara kunya ne zai ɗaga ido a ɗakin surukarsa? Mai gyara bai gama naɗe tsaninsa ba saƙo ya iso ta bakin uwargida: Inna ta gode, amma a mayar mata da tagarta yadda take. Aka mayar. Na biya kuɗin zuwa, na biya kuɗin gwaji, na biya wani daban ya toshe silin ya yi fenti, ban juya ko ɗaya zuwa naira ba saboda lafiyata.

Na roƙi uwargida maganar ta tsaya a cikin gida, ta ce ita ba ta gaya wa kowa ba sai ƙanwarta. Ranar Juma'a wayata ta yi ƙara, lambar Sakkwato, taubashina ne.

"Injiniya! Ashe ku a Amurka ta sama kuke zuwa gaida surukai?"